Rajistar Tebura

Tebur goma sha tara na ƙirga a Kano
inda ake buga ƙwallon tebur,
ban da na Ɗorayi da ruwa ya ci ƙafarsa.
Na Kurna bulo biyu ke tallafe da shi,
ragarsa tsohon gidan sauro ce.

Duk na rubuta:
unguwa, layi, sunan mai tebur,
kuɗin wasa, da lokacin da inuwa ke sauka.

A Fagge, Baba Ɗanjummai ya riƙe min biro,
ya ce, "Haraji za ka jawo mana?"
Sai da na sha kashi sau uku a hannunsa
kafin ya ba ni lambar waya.

Na buga takarda ɗari a Sabon Gari,
na manna a shagon aski, na raba a tasha.
Rabi an ƙunshe awara da su.

Jiya da la'asar a Gwammaja
wani yaro daga Sharaɗa ya sauka daga keke,
takardata a hannunsa, duk maiƙo.
Bai san ni ba.
Ya ce, "Nan ne lamba bakwai? Ɗan matsa, Malam."

Na matsa.
Ƙwallo ta ce ƙwas, ƙwas.