Yajin Mutanen Kogo

Ran da Sagiru ya dawo daga gidan ɗaga ƙarfe
ya buɗe firjina kamar jami'in kwastan.
Ya ɗaga kwalbar mayonis, ya karanta bayanta,
ya ce man waken suya ne, ya tura ta gefe.
Jar miyar tumatir ta kanti ta bi sahu,
wai sukari ce ta ari jar riga.
Dunƙulen magi kuwa, ko shari'a ba a yi masa ba.

Shi yanzu cimar mutanen kogo yake ci,
waɗanda ba su san garma ba, balle rumbu.
Na ce, daddawa fa?
Ya ce ɗorawa dangin wake ce.
Ƙuli-ƙuli fa?
Ya girgiza kai.
Na zauna, ruwan Sheffield yana dukan taga,
ina tunanin yaji babu ƙuli,
kamar a yi suna babu rago.

Asabar na hau bas zuwa Spital Hill.
A shagon Bayamane na sami citta da kanumfari,
masoro, kimba, riɗi, barkono mai tada hanci.
Aya kuwa sai a kantin masu kula da lafiya,
cikin 'yar jaka mai hoton ganye, tana ji da kanta.
Kusa da ita garin 'ya'yan kuka, fam goma sha biyu,
abin da muke kaɗowa da jifa a bayan Malumfashi
har Malam ya biyo mu da tsumagiya.
Na biya. Ban gaya wa yarinyar kantin komai ba.

Turmina ya haye teku naɗe cikin zannuwa,
amma tsohuwar da ke ƙasanmu
ta iya buga silin da sandar tsintsiya.
Don haka na jira ta fita da karenta,
na shimfiɗa tawul, na ɗora turmi,
na soya aya har ta yi ja, na daka a hankali
kamar mai satar daka a gidan kansa.

Mayonis ɗin farko ya tsinke, na zubar.
Na biyu na bi shi da lallashi:
gwaiduwa ɗaya, lemun tsami,
man zaitun ɗigo, ɗigo,
ba ya son gaggawa, halin surukina sak.
Tumatir na dafa da dabino har ya yi kauri.
Riɗi da zuma da tafarnuwa, na kwaɗa latas.

Ina cikin tankaɗe Tabawa ta faɗo mini a rai,
kakata, shekarar da damina ta yi rowa.
Rumbu wayam, ba gero, ba wake, saniya ta ƙafe.
Tafasa muka ci, da rama, da fara,
da ayar da take tonowa da farce a fadama.
Ba ta kira wannan tsarin cima ba.
Ba ta ba shi suna ba ma, don kada ya ji daɗin zama.
Ɗan barkono da kanwa take murzawa a dutse,
ta barbaɗa, ta ce mu rufe ido mu haɗiye.

Yau jikanta na biyan kuɗi ya ci irin wannan,
da ƙirji kamar ƙofar gari.

Da magariba ya gasa cinyar rago.
Ya dangwali yajin, ya tauna, ya yi tari,
hawaye ya taru, ya sake dangwala.
Ya ce, Umma, abokaina za su saya,
wane suna za mu liƙa wa kwalbar?

Na ɗauki biro, hannuna duk barkono,
na rubuta Tabawa.
Ya ce, me yake nufi?
Na ce, ci tukuna, kada naman ya huce.