Gado Na Shida Da Na Bakwai

Babana Saverio, mai sassabe rassan zaitun,
wata bakwai yana ganin jini a bayan gida,
bai gaya wa kowa ba.
A ƙauyenmu abin da ya shafi dubura
ba a ɗora shi a kan harshe.

Da ya faɗa, likitan garinmu ya ce basir ne,
ya rubuta man shafawa.
Man ya ƙare, jinin bai ƙare ba.
Aka sa mana ranar leƙa hanji,
wai mu dawo bayan an tsinke lemo.
Lemo ya nuna, ya zube, ya ruɓe a gindinsa,
ranar ta zo, na'ura ta lalace.

Muka sayar da filin kakata, mai rijiyar nan,
muka hau jirgin ƙasa na dare daga Kalabiriya,
sai Milan, sai da gari ya waye.
Bai zauna ba ko sau ɗaya.
Tsaye ya kwana, riƙe da ƙarfen taga,
yana ce mini teku yake kallo.
Duhu ne a waje. Na yi kamar na yarda.

Gado na shida aka ba shi.
A na bakwai akwai Ermanno, tsohon direban bas,
shekarunsu ɗaya, cutarsu ɗaya,
har inda ta tsuguna ɗaya ne:
yatsa huɗu daga ƙofa, in ji likita.
Shi wasiƙa ce ta iske shi har gida
da 'yar kwalbar gwaji a ciki.
Kafin wata ya mutu an kira shi.
Gashin ma a nan aka yi masa, bayan kantin burodinsu,
da ƙafa yake zuwa,
ya koma ya tarar da miyar matarsa ba ta huce ba.

Da yamma suna buga kati a kan tiren magani.
Ermanno yana tsokanar harshen mutanen kudu,
babana yana cinye shi wasa uku a jere.
Ya ba shi busasshen ɓaure daga cikin jakarmu,
ga shi dukansu an hana su ci.
Suka yi ta sansanawa suna dariya.

Laraba aka shiga da su.
Hanjin Ermanno aka yanke aka haɗe, kamar tiyon lambu.
Babana aka fitar masa da hanya a gefen cibiya,
aka liƙa jaka, aka rufe ta baya har abada.
Likitar ta riƙe hannuna, ta ce, da kun zo da wuri.
Na ce, mun zo da wuri,
ƙofar ce muka tarar a kulle.

Yanzu muna gida.
Mai jinyar da ta san aikin jaka tana can babban gari,
Talata kawai, in hanya ba ta zaizaye ba.
Ni na koyi yanka bakin roba da almakashin ɗinki.
Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo,
mu mun sani, ƙarfe uku na dare,
da zanen gado a bokiti.

Ranar Lahadi Ermanno yana bugo waya.
Kun more, Saverio, ga rana, ga teku!
Babana ya ce, haka ne,
tafinsa a kan riga, daidai wurin.

Katin asibitinsu launi ɗaya ne, na duba.
Harajin ma ba a taɓa ce mana mu jira lemo ba.

Akwai taswira a bangon ɗakin girki,
kyautar kantin taki.
Jiya na auna daga garinmu zuwa Milan.
Yatsa huɗu bai kai ba,
sai da na ƙara da ɗayan hannun.