Karofin da Babu Ruwa

Kakana Gide, a Marnar Gangare,
ba ya tambayar agogo.
Yakan tsoma yatsa a karofi, ya ɗora a harshe,
ya ce baba ya nuna,
ko ya ce a ƙara toka, a bar shi ya kwana uku.

Ni karofina allo ne mai haske,
a bene na biyu, kan hanyar Dutsinma.
Ba muciya, ba wari, ba katsi.
Zobba nake ƙullawa, mai kusurwa shida, mai biyar,
in rataya mai bayarwa a wannan gefe,
mai karɓa a wancan,
ni a tsakiya kamar dillalin hatsi.
Sai in ce da na'ura: lissafa.

Tana lissafi, ina ɓarar gyaɗa.
Awa sha tara take so. A ta sha takwas
aka ɗauke wuta, janareto ya yi tari ya mutu.
Na koma farko, ban zagi kowa ba.
Jikan marini ne ni, jira gadonmu ne.

Tazara nake nema
tsakanin matakala biyu, can cikin ƙwayar.
In ta yi faɗi, rana ta wuce ba sallama.
In na matse ta kaɗan,
sai ta haɗiye ja, ta bar wa ido shuɗi,
lantarki ya yi tsalle ya kama hanya.

Ran Juma'a na kai masa hoton a waya.
Ya riƙe ta nesa da fuska, ya daɗe.
"Saƙar zuma ce wannan?"
Na ce shuninka ne, Kaka, in an tuɓe masa riga,
kunne ɗaya kawai na sauya masa.
"Yana kama zane?"
Na ce gilashi zai kama,
ya sha rana, ya ba da wuta.

Bai ce komai ba. Ya sunkuya,
ya ciro ƙyalle daga karofi, kore shar,
ya ɗaga shi, iska ta lashe shi,
muna kallo ya koma shuɗi.

"Naka ya taɓa shan iska?"
Na ce tukuna.
"To, bai zama launi ba tukuna."

Hannunsa baƙi har gwiwa, shekara sittin.
Na dubi farcena fari fat,
na soka shi cikin aljihu.