Ƙugiya

Ranar da suka ba ni katin ɗalibi a Kumasi
na duba hoto, ni ne,
na duba suna, ba ni ba ne:
wani ɗan akwati fanko a gaba, sannan alhatu.
Na'urarsu ba ta san Ɗ ba,
sai ta haƙa masa kabari mai kusurwa huɗu.
Matar ofis ta ce haka yake fitowa.
Na ce to, na sa a aljihu.
Baƙo ba ya musu a layi,
ko da dala ya biya kuɗin makaranta.

Shekara biyu ke nan ina koyon tazara.
Dakta Boakye ya ce farin da ke tsakanin baƙaƙe
shi ne numfashin shafi,
in ka matse shi, magana ta shaƙe.
Ni kuwa na san tazara tun kafin in shiga aji:
tsakanin Funtuwa da Ayeduase,
tsakanin naira da sidi,
tsakanin "lafiya lau" da nake gaya wa Inna a waya
da garin rogon da nake jiƙawa in dare ya raba.

Babana, Malam Tsalha mai fenti,
shi ke rubuta bayan manyan motoci a bakin tasha.
Bai taɓa auna harafi da awo ba.
Sai ya kanne ido ɗaya, ya ja baya taku uku,
ya ce wa yaronsa, "Wuyan nan ya yi gajarta."
HAƘURI ɗinsa ya bi hanyar Legas ya fi sau dubu,
rana ta ci ja, ruwa ya ci shuɗi,
ƙugiyar ba ta karye ba.

Daminar garin nan ba ta gajiya.
Ruwa na dukan kwano, wuta ta ɗauke,
aikin yini guda ya tafi, ban adana ba.
Esinam ta haska mini da wayarta ina tsaki,
ta ce su ma nasu baƙaƙen na Ewe akwati suke komawa,
Kwadwo daga can lungu ya ce na Twi ma haka.
Muka yi dariya cikin duhu.
Ashe ba ni kaɗai aka yi wa kabari ba.

Ran Asabar na hau motar haya zuwa Aboabo
don in ji Hausa, ko da an sa mata gishirin wani gari.
Mma Hawule ta zuba mini wake da shinkafa a ganye,
har da ƙwai, ba ta caje ni ba.
A allon rumfarta an rubuta ALLAH YA KARA.
Na ce, "Mma, ƙara kike roƙo, an bar ki da kara."
Ta ce, "Nan duk ɗaya ne, ɗana.
Wanda nake roƙo ya gane. Ci abincinka."
Na ci. Ban sami amsa ba har na dawo.

Duk da haka na zauna musu.
Wata huɗu ina lanƙwasa ƙ, ina lallashin ɓ,
ina rage wa ɗ nauyin kai kada ya kife a layi.
Na bar wa Esinam da Kwadwo gurbi, suka kawo nasu.
Da aka buga gwaji na farko
na ga Ɗalhatu tsaye, kansa a wuyansa,
na fita baranda kamar an kira ni.

Na ɗauki hoto na tura gida.
Kwana biyu shiru.
Sai ga saƙon murya, hayaniyar tasha a bayansa,
Baba ya yi gyaran murya, ya ce,
"Madalla. Kana cin abinci kuwa?
Ja baya taku uku ka sake dubawa.
Wuyan nan ya yi gajarta."