Gida Bisa Yashi

A nan zakara ba ya riga teku tashi,
teku bai kwanta ba balle ya makara.
Ni ce ta biyu. Na lalubo ashana,
ta sha danshi, sai tsinke na huɗu ya kama.

Isikeli na waje da guntun ƙarfe
yana dukan tsohuwar tukunyar gas
da muka rataya a reshe. Ƙararrawarmu ke nan.
Jiya mutum tara suka zo addu'a. Yau bakwai,
sai kare, sai kaguwa
da ta ratsa ƙarƙashin benci ba sallama.

Shekara shida rabonmu da Fiji,
inda ƙasa ke da tudu da kogi da laka.
Wannan tsibiri na Kiribati, siririn zare ne:
tsaya tsakiya ka yi tari,
ruwan dama zai ji, na hagu ya ce maka sannu.

Kullum nakan ƙwanƙwasa tanki da yatsa,
zobe bayan zobe, ina sauka,
har inda amo ya daina zama fanko.
Saura uku. Ban gaya masa ba.
Shi ma ya ƙwanƙwasa da dare, na ji,
bai gaya mini ba.

An ce jirgi zai zo Laraba.
Ba a dai faɗi wace Laraba ba.
A cikinsa akwai gari, da batir, da maganin miki,
da wasiƙar Litiana daga makaranta,
wadda kafin ta iso
tarin da take ba mu labari ya daɗe da warkewa.

Da hantsi ina wanke ƙafafun yara
da murjani ya yanka, ina koya musu baƙi,
su kuma suna gyara mini harshe.
Har yau in na ce zan je kamun kifi
Nei Rakentai sai ta riƙe ciki don dariya,
ta ƙi faɗa mini abin da na ce.

Wata Lahadi mijina ya yi wa'azi
kan mai hankali da ya kafa gida bisa dutse
da wawan da ya gina kan yashi.
Ya yi gumi, ya ɗaga murya. Shiru.
Can tsoho Baraniko ya gyara zani:
"Fasto, mun ji. To, ina dutsen?
Kakana yashi ya samu, a yashi aka sa shi.
Duk wawaye ne mu, har da kai,
ai jiya na ga ɗakinka."

Isikeli bai ci abinci ba ranar.

Watan da ya biyo baya teku ya cika ya batse,
ya shigo coci ba a gayyace shi ba,
ya kwashe tabarmi, ya bar gishiri a ramin gwaza.
Baraniko ya zo da gatari da jikoki huɗu,
bai ce ai na faɗa ba.
Suka kafa turaku, suka ɗaga daɓe sama da ƙugu,
suka ɗaure da igiyar ɓawon kwakwa, ba ƙusa.
"Bar masa hanya ta ƙasa," in ji shi,
"baƙo ne mai fushi, amma ba ya kwana."

Yanzu da dare ina cire wa Isikeli ƙaya a tafin ƙafa,
fitila na hayaƙi, yana ta soke layi a takarda.
Na ce me za ka faɗa musu jibi?
Ya ce bai sani ba tukuna.

Sai ɗas, a kan kwano. Sai ɗas, ɗas.
Muka dubi juna.
Ya fita da ɗingishi, ƙayar na ciki,
ni da tukwane, shi da bokiti da butar shayi,
har kwanon baftisma bai tsira ba.