Wani a Tafe Ya Kwana

Ƙarfe biyar da 'yan mintoci
waya ta yi tsuwa ƙarƙashin matashi.
Na san wannan kukan.
Ba na mai bin bashi ba ne, ba gaisuwar Juma'a ba:
an ɓoye sabo.

Lambobi biyu, arewa da gabas,
tafiyar sigari ɗaya daga ƙofarmu a Zango,
sai habaicin mai ɓoyon:
"Inda ƙadangare ke shan hantsi."

Barira ta juya, ta ce da bango,
"Gwangwanin ne kuma?"
Na ce shi ne.
Ta ce, "In ka same shi, tambaye shi kuɗin gawayi."

Mu goma sha ɗaya ne a Damagaram masu wannan ciwo.
Wani zai sa takarda da guntun fensir a gwangwanin madara,
ya cusa a tsagar dutse ko gindin gawo,
ya shelanta wurin da lambobi,
sauran mu bazama.
Ba kuɗi ciki.
Wata rana maɓalli, wata rana tsohuwar dala.
Abin da muke tsere dominsa
layin farko ne na takardar,
fari fat, hannun kowa bai taɓa ba.

Jaka biyu na biya Tsahiru a Kasuwar Dole
ya saita mini wayar nan,
ko allura aka ɓoye tsakanin Birni da Mirya
in ji kafin mai ɓoyon ya kakkaɓe hannunsa.

Na tura babur har bakin titi, kar yara su farka.
Na wuce mai ƙosai tana hura wuta,
na wuce ganuwa,
kibiyar waya na cewa kusa, kusa,
na hau duwatsun nan masu kama da giwaye a durƙushe,
silifas ɗaya ya tsinke, ban waiwaya ba.
Hannu cikin tsaga, ina addu'ar kunama ta yi tafiya.
Ƙarfe mai sanyi.
Na buɗe.

"Grema. Huɗu da rabi."

Da rubutun nan nasa mai kwanciya gefe,
na wanda ya shekara talatin yana raba wasiƙu.
Karo na shida ke nan.
Tsohon da wayarsa ba ta iya komai ba sai tocila!

Na same shi wajen mai shayi, yana tsoma burodi.
Na ce, "Baba, don Allah, wane tauraron ɗan'adam kake biya?"
Ya tauna, ya haɗiye, bai yi sauri ba.

Ya ce, "Famfon unguwarmu ƙarfe nawa yake kawo ruwa?"
Na ce ban sani ba.
Ya ce, "Shi ya sa.
Uku na dare.
Lokacin rabin garin nan na zaune kan jarka,
ido biyu, ba abin kallo.
In mutum ya hau dutse da fitila, da abu a hammata,
ya sauko hannu biyu a sake,
kafin jarka ta cika
Falmata ta gaya wa ɗan garuwa,
ɗan garuwa ya gaya mini.
Kai kana jiran mai ɓoyo ya koma gida,
ya wanke ƙafa, ya nemi rezo.
Kana sammako, ɗana, wani a tafe ya kwana."

Na rubuta sunana a layi na biyu.
Fensirin ma ya dushe.

Daren jiya na ɗauki jarka biyu na bi layi.
Sauro ya ci rabonsa.
Ba wanda ya hau dutse.
Na ji wanda ya sayar da rago, da wadda ɗanta ya kira daga Agadas,
na ji ruwa na zuwa cikin bututu
yana tari kamar tsoho.

Da asuba Barira ta leƙa randa,
ta dube ni, ta sake leƙawa.
Ta ce, "Wannan wasan naku,
Allah ya sa a yi ta ɓoyewa."