Ƙwarya Nawa Ne a Sama?

Shekara arba'in ina ƙirga goro a Aboabo,
ɗari-ɗari, ƙwarya-ƙwarya.
Yatsuna sun san daushe ko an ɗauke wuta.
Da gwiwa ta ce ya isa, na bar wa yara rumfa,
na koma benci bakin masallaci ina ƙirga masu wucewa.

Sai jikata Mamuna ta zo da takarda daga jami'a:
ana neman 'yan sa-kai. Babu albashi,
sai hula, ruwan leda biyu, da kuɗin mota.
Aikin me? Ƙirgar jemagu.
Malam Gariba ya yi dariya har carbinsa ya faɗi:
"Abin da ba tsuntsu ba, ba ɓera ba,
mai kwana kai ƙasa kamar an rataye bashi?
Tsufa ya kai ka inda bai kai kowa ba."

Na dai je.
Bayan Kejetiya, inda manyan itatuwa ke leƙen kasuwa,
wari ya tarbe ni kafin mutane.
Dakta Afriyie, takalmin roba har gwiwa,
ta miƙo mini wani ɗan ƙarfe mai ƙas-ƙas.
Na mayar mata. Na ce, 'yata, na zo da nawa,
na buɗe mata tafin hannu.

Reshe ɗaya, ƙwarya uku.
Na kusa da shi, biyu da rabi.
Wancan babba ya ɗauki huhu guda har yana nishi.
Na ce dubu huɗu da ɗari biyu.
Suka ɗauki hoto, na'ura ta yi ta lissafi har la'asar,
ta ce dubu huɗu da ɗari da tamanin.
Na ce ashirin ɗin suna bayan ganye, ku sake dubawa.

Ranar Laraba aka kama ɗaya a raga.
An sa mini safar hannu, an ce riƙe a hankali.
Fuskar ɗan kwikwiyo, wuya ruwan ɗorawa,
zuciya tana bugun babban yatsana kamar kalangu.
Ashe uwa ce. Ɗanta na manne a ƙirji,
bai ko buɗe ido ya ga wanda ya riƙe duniyarsa ba.
Aka auna ta cikin jakar yadi, aka rubuta, aka sake ta.
Ban iya cin tuwo ba daren nan sai da ya huce.

Dakta ta ce su ke shuka daji:
su ci 'ya'yan loko a nan, su yar da iri a can,
tafiyar dare da babu ɗan kamasho.
Na tuna gonakin goro da na sha saye,
duk a inuwar manyan itatuwa suke.
Wato shekara arba'in ina cin riba
da abokan ciniki da ban taɓa gaisarwa ba.

Bana mun koma itace na bakwai.
Kututture muka tarar, da bulo, da yashi tifa biyu.
Mamuna ta riƙe biro tana jira.
Na ce rubuta sifili.
A rumfa, in na rubuta sifili, na san ɓarawona.
Nan kuwa wa zan kama?
Mai shagon ma ɗan unguwarmu ne, yana da 'ya'ya shida.

Da magariba sukan tashi gaba ɗaya,
sama ta yi kamar an zazzage buhun gawayi a kan Kumasi.
Nakan shimfiɗa kwali in yi salla gefen titi,
in sallame, in ci gaba daga inda na tsaya.

Jiya Malam Gariba ya matso a benci,
ya ɓare goro, ya ba ni ɓari mafi girma.
Bai dube ni ba, sama yake kallo.
Can ya ce, "To, yau ƙwarya nawa?"